Bahon Wankan Gidan Lyle Zastrow

Lyle Zastrow ya durƙusa a banɗaki, kunnensa manne da bokiti, yana sauraren giyarsa tana numfashi. Haka yake yi kowace safiya, tun kafin ya nemo haƙoransa na roba. Bokitin na zaune cikin bahon wanka lulluɓe da tsohon bargo, yana sakin iska ɗis, ɗis, a hankali.

Tun da ya ajiye tuƙin motar 'yan makaranta a ƙauyensu da ke jihar Wisconsin ta Amurka, ya kama dafa giya a gida, bahon bai sake ganin jikin mutum ba. Matarsa Bernice, da ƙugunta ke begen ruwan ɗumi, sai dai ta yi wanka a tsaye kamar soja.

"Tsoho, yau ce fa," in ji ta daga bakin ƙofa. "In aka sami mutum ɗaya a bikin giyar nan da ya nemi ƙarin taka, baho naka ne har ka mutu. In babu, gobe ina ciki."

"Layi za su yi, yarinya. Ki tanadi haƙuri."

Bikin giyar ya ci a filin baje kolin gunduma. Rana ta yi laushi, ƙamshin gasasshen nama na yawo tsakanin rumfuna, ga maza masu gemu sun rataya biskit mai gishiri a wuya kamar sarƙa, suna ci suna tafiya. A zauren masu dafa ta gida kuwa, al'ada ce a rufe kowace garwa da baƙin ƙyalle, kada a san mai ita sai an tashi. Lyle ya miƙa tasa, ya ɗauki ƙaramin kofi, ya shiga zagaye yana raba hukunci. Baki gare shi, mutane har binsa suke yi don su ji.

A ƙarshen layi ya hango maƙwabcinsa Duane, mai gyaran famfo, abokin hamayyarsa na shekaru, tsaye kusa da wata garwa yana murmushi. Lyle ya ce a ransa, to, wannan tasa ce. Ya sa aka zuba masa. Ya ɗaga kofin ga haske, ya shaƙa, ya kurɓa, ya rufe ido.

"Jama'a," ya ce, "kun taɓa jin warin kare da ruwan sama ya daka, sannan ya kwana a cikin takalmi?"

Aka fashe da dariya.

"Ci gaba, malam, muna ƙaruwa," in ji Duane.

"Wanda ya dafa wannan bai da hanci, bai da tausayi. Sha'ir ya mutu a banza."

Ana cikin haka sai ga wani ƙato mai jar hula, wanda ya riga ya sha sau ɗaya, ya dawo yana miƙa kofinsa. "Ni fa ban ji laifinta sosai ba. Ko za a..."

Lyle ya dafe bakin kofin da tafin hannu. "Ɗan'uwa, kana da iyali?"

"Yara biyu."

"To ka tuna da su. Tafi can rumfar gaba, Allah ya kiyaye ka."

Ƙaton ya dubi kofin, ya dubi Lyle, ya yi godiya har da riƙe hannu, ya wuce. Bayansa ba wanda ya ƙara kusantar garwar.

Da yamma ta yi aka yaye ƙyallayen. A jikin garwar ga sunan Lyle ɓaro-ɓaro da jan fenti, rubutun hannunsa.

Lyle ya tsaya ƙiƙam. "An musanya."

"Ba a musanya komai ba, mutumina," in ji Duane yana share hawayen dariya. "A gida kana shan ta da ƙauna ne. Yau ka sha ta da baki."

Bernice, wadda ta ga komai daga kan benci, ta matso riƙe da ƙullin sabulun da ta saya a waje. "Mutum ɗaya ne ya zo, tsoho. Kai ka kore shi."

"Ai ya kusa nema!"

"Kusa ba nema ba ne. Ka kwashe bokitinka kafin safiya, ka kuma goge mini gefen bahon."

Sai Lyle ya sunkuya ya rungumi garwar, nauyinta kusan yadda ya kawo ta, ya miƙe da nishi. Mutane suka dare masa hanya, ya bi ta tsakiyarsu giyar na ƙugi a ƙirjinsa, ya tura ƙofar zauren da ƙafa ya fita.