Ranar da Inna ta kira sunana

Ina alwalar walha yau da safe aka bugo mani waya daga garin Isa, aka ce Malam Hassan ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe zaune da butar a hannu.

Ɗalibaina da ke bina a nan, duk abin da na koya maku kan wasan kwaikwayo, a wurin wannan bawan Allah na samo shi.

Shi ne malamin ajinmu a firamare a Sabon Birni, gab da ƙarshen mulkin Turawa. Saurayi ne a lokacin, da keke ɗaya da riguna biyu. Mu 'yan ƙauye da ke zaman makaranta, ran Juma'a yakan kira mu gidansa mu sha fura. Da hannunsa ya ɗinke mani jakar littattafai.

Wata shekara ya rubuta mana wasa. Wani madugu ne mai kai fatake da jakuna zuwa ƙasar Faransa, can tsallaken iyakarmu, bai taɓa ɓata hanya ba, yana ciyar da ayarinsa kafin ya ci. Wani makiyayi ya gaya wa yaran madugun rijiyar da ke gaba ta ƙafe, suka ji tsoron faɗa masa, don ba ya son a nuna masa hanya. Ni aka ba madugun.

A firaktis sai na riƙa ɗaure fuska ina zare ido. Malam ya tsayar da ni.

"Lawali, mi kake yi haka? Wa za shi yi wa mugu kuka? Mutumin kirki na, aibinshi guda. Sai sun so ka, sannan faɗuwarka ta yi masu zafi."

Hedimasta bai so wasan ba. Ya ce iyaye za su ɗauke shi shashanci, kuma in dole ne, to a ƙarshe a samu ruwa kowa ya yi dariya. Malam ya ce a'a, abin da madugu ya jawo da kansa shi zai same shi. Suka rabu a kan cewa in jama'a suka watse ko suka yi tsaki, ba a sake yin wasa a makarantar.

Aka sa ranar kasuwa, da la'asar. Maza a gaba, mata a bayan zana. Mahaifiyata ta zo daga Gangara sayar da daddawa, ban san ta tsaya ba.

Ni ne ɗanta na fari. Tun da aka haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, saboda kunya. "Wancan" take ce mani, ko "kai".

A cikin wasan muka iso inda hanya ta rabu biyu. Masu kallo duk sun san rijiyar ta ƙafe, madugu kaɗai bai sani ba. Na ɗaga sanda za ni nuna gabas, sai na ji murya daga bayan zana:

"Lawali! Kak ka bi nan, babu ruwa."

Mata suka juya suna kallonta.

Ban taɓa saɓa wa maganarta ba, ga shi yau har da sunana. Na dubi Malam. Ya ɗan gyaɗa kai wajen gabas.

Na ce, "Ni na san hanya." Na bi.

Da muka kai bakin rijiyar na jefa guga ya fito da yashi, madugu ya gane, amma lokaci ya wuce. Babu wanda ya tashi. Wani tsohon falke a gaba yana share ido da hannun riga. Hedimasta ya zo ya riƙe hannun Malam, bai saki da wuri ba. Daga nan kowace shekara sai an yi wasa.

Shekaruna talatin da wani abu ina koyar da adabi, ina bayanin jarumi da aibinsa, da sanin da masu kallo ke yi kafin shi, da tausayi da tsoro. Ban taɓa samun misalin da ya kai na Inna ba.

Bayan sallar layya na je Isa gaishe shi. Idonsa ya tafi, amma ya gane muryata.

"Madugu, kai na? Ka dai samu ruwan?"

Muka yi dariya. Can ya ce, "Ta sake kiran sunan nan kuwa?"

Na ce, "Har ta koma ga Allah ba ta sake ba, Malam."

Ya ce, "To, ashe mun yi wasa."

Ina alfahari da cewa ni ɗalibinsa ne. Allah Ya gafarta wa Malam Hassan, Ya shayar da shi daga tafkin Annabi. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a, ya haɗa da Inna.