Labaran Yaya Sambo da Aka Ɗinke Cikin Fata

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Sambo, Allah ya jiƙansa. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, bokon ma da furfurata na koye shi a ajin manya, don haka a yi haƙuri da rubutun tsohuwa. Sai dai ina da kunne, kuma abin da aka faɗa wa Yaya Sambo a Gwandu yana nan cikinsa daram.

Aikinsa kwafar littattafai ne wa malamai. Tun yana saurayi, 'yan shekaru bayan zuwan Turawa, in ya samu ragowar takarda sai ya rubuta labaran da ya ƙago da ajami, ya tara su cikin gafaka guda. Akwai na kwalekwalen ƙarfe da ya tashi daga gulbi ya lula sama da masunta a ciki. Akwai na tukunyar da ke magana da muryar mutumin wata ƙasa. Akwai na jakin tagulla da ba ya cin ciyawa, amma ranar kasuwa ya ƙi tafiya sai an ba shi haƙuri. Da hantsi nakan zauna ina kaɗi, shi yana karanta mini, in na yi dariya har zarena ya tsinke sai ya ce labarin ya yi.

Wanda ya tona shi ɗan baffanmu ne, Malam Umaru. Ya zari warƙa guda daga takardun ya karanta a zaure gaban manya, yana kwaikwayon muryar jaki. Ina bayan danga na ji shi da kunnena yana cewa, "Ku duba mi wanga ka yi da tawadar da aka rubuta sunan Allah da ita!" Daga ranar babu malamin da ya ƙara ba Yaya littafi ya kwafa. A masallaci sai a matsa a bar masa fili. Ya tattara ya biyo ni Kalgo inda nake aure, ya koma noma da hannun da bai san fartanya ba, kuma a nan zazzaɓi ya ɗauke shi. Daga Gwandu mutum uku suka zo gaisuwa.

Wajen rabon gado aka ce littafi na maza ne. Gafakar ta tafi hannun Umaru, shi ɗin dai. Ni abin da ya rage mini warƙa tara ce, labarin mutanen da ke noman gero can sama a cikin wata, don ita yake karanta mini kafin ya kwanta ciwo, na kuwa tura ta ƙasan tabarma na yi shiru.

To, sai fatake suka riƙa kawo labarin jirgin da ke sauka daga sama. Bayan shekaru ga akwatin rediyo yana magana a ƙofar fada. Nan da nan mahaukacin jiya ya zama waliyyi. Wa ya fara shelar cewa an buɗe wa Sambo gaibu? Umaru. Ya riƙa yanka takardun ƙanana ƙanana, baduku na ɗinkewa, ana rataya wa jarirai. Wasu ma wanke tawadar suka yi suka sha.

Bara wata mata daga Diggi ta shigo gidana da goyo, ɗinkin layar da ke wuyan jaririn ya warware. Ina gani na gane hannun Yaya. Na karanta abin da ke jiki: "sai jakin ya ce shi ba ya zuwa." Iyakarsa ke nan. Da wannan ake tsare ɗan mutane daga mayu! Ban gaya mata ba, don ba laifinta ba ne. Amma ranar ban iya cin tuwo ba.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai ɗago ya gani, me zai ce? Dariya zai fara yi, na san halinsa. Bayan dariyar ce ban sani ba. Shi so yake a saurara daga farko har ƙarshe, a ce masa, "Sai me ya faru?" Da suka zage shi, aƙalla sun karanta warƙa guda. Yanzu da suke girmama shi ko layi ɗaya ba mai karantawa.

Watan jiya Umaru ya zo Kalgo da sandarsa, ya zauna bakin ɗakina. "Hauwa, an ce akwai saura wurinki. Albarka ta, ba a ɓoye ta." Na ce, "Malam, albarkar da ka kora daga Gwandu da muryar jaki?" Ya ce Allah ya shirye ni. Na ce amin, mu duka. Ko ruwa ban sa an kawo masa ba, kuma ban yi nadama ba.

Na san jira suke in rufe ido su ɗaga tabarma. Shi ya sa kullum in na gama aikin gida nake zama ina juya warƙa taran nan zuwa boko, baƙi bayan baƙi. Saura biyu. Cikin duk abin da Yaya Sambo ya ƙago, labari ɗaya ne zai tsira da kansa da ƙafafunsa, kuma a rubutun da su Umaru ke ƙyama zai tsira. Na duba ƙasar nan kaf, ban ga wanda zai wanke boko ya sha ba.