Man da Na Zubar Daga Kafireton Hedimasta

Ranar wata Asabar cikin bazarar 1983, da hantsi, tsohuwar motar hedimastanmu, Malam Bitrus, ta yi tari sau uku ta mutu a gindin wani hawa tsakanin ƙauyenmu na yankin Doguwa da Tudun Wada. Mu biyar ne a baya, 'yan aji shida, kowa da fensir biyu da rula, za a kai mu jarrabawar shiga sakandare, wadda in ta wuce mutum sai baɗi. Ni kaɗai na san dalilin mutuwar motar, domin ni na jawo.

Mahaifina makanike ne, rumfarsa tana ƙofar gida, daura da rumbun dawa. Idan na dawo daga makaranta, na zuba wa awaki harawa, na cika randa, sai in zauna gabansa maimakon in tafi langa. A nan na san kafireto, wato abin da ke gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Na a-kori-kurar da ke jigilar masara maƙogwaro ɗaya gare shi, ba shi da fitina. A wanke da fetur, a hure kafofinsa da baki, shi ke nan. Na wasu motocin haya kuwa maƙogwaro biyu ne, na biyun ba ya buɗewa sai an taka totur sosai. Akwai gudu, amma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Dukansu Baba yana son ya gan su ƙal. "Kafireto ba ya son maiƙo," haka yake faɗa kullum.

Motar Malam ƙirar Ingila ce, ya saye ta hannun 'yan mishan da suka kafa makarantarmu, kuma kafiretonta yana da wani ƙoƙo a ka, kamar ƙararrawa a kife. Jajibirin jarrabawa ya kawo ta a duba, Baba ya tafi Kwanar Dangora nemo fanbel, robar da ke juya fankar inji. Ni da aka hore ni a kan cewa datti a farce ma laifi ne, na kwance murfin ƙoƙon, na ga baƙin mai a ciki, na tsotse shi da tsumma har ya bushe. Da Baba ya dawo, yana ɗaura fanbel ya nuna mini ƙoƙon ya ce wannan iri kaɗai ne ba ya rayuwa sai da mai, kuma makon jiya ya cika shi. Don tsoro, na ɓoye masa abin da na yi.

A gindin hawan nan Malam ya buɗe bonet, ya duba fulogi, ya duba agogonsa. Ladi, wadda ta fi mu ƙoƙari a aji, ta fara kuka. Sai na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni na zubar da man ƙoƙon." Ya dube ni ta saman tabarau, na sadakar bulala ce za ta biyo. Ya ce, "Tashi. Wanda ya zubar shi zai mayar." Ya zaro sandar awon mai daga inji ya miƙo mini. Na riƙa tsoma ta ina ɗiga abin da ta ɗauko cikin ƙoƙon, ɗigo bayan ɗigo, har ya ce ya isa. Mota ta tashi ta haye. Mun shiga ɗakin jarrabawa ana kiran sunaye.

Malam bai kai ƙarata ba. Ya umarce ni in faɗa wa Baba da bakina. Baba ya saurara, bai tsawata ba, ya jera kafireto iri uku a kan tabarma, ya hana ni tashi sai da na bambanta su ido a rufe.

Motocin yanzu ba su da kafireto. Na'ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu, yaro bai taɓa komai ba balle ya ɓata ya gyara. Malam da Baba duk sun rasu. Na gode wa Allah da kuskurena ya faɗa hannun masu haƙurin koyarwa.