Furar da Mahfuzu Yake Kai wa Wansa

Mahfuzu manomin albasa ne a fadamar Sabon Gida, kuma shi kaɗai ne Kirista a zuriyarsu. Da matarsa Zali ta rasu, wansa Lurwanu ya tsaya a ƙofar gida ya hana kowa ɗaukar gawa. Mahfuzu ya ɗora ta a amalanke, ya binne ta a gefen gonarsa shi kaɗai. Tun daga ranar ko sunan Lurwanu ya ji sai abinci ya fita ransa.

Ran Lahadi yana zuwa coci a Madawa. Wata rana fasto ya yi wa'azin jinƙan maƙiyi, ya ce maƙiyi na farko a ƙirjin mutum yake kwana, shi ne wanda aka zalunta ya ƙi hucewa. Wanda ya ciyar da maƙiyin waje, na cikin yake lallashi. Mahfuzu ya yi tsaki. Fasto dai bai taɓa tura gawar matarsa a amalanke ba. Amma maganar ta ƙi barinsa, don ya gaji da kwana da ƙiyayya.

Ana nan ɓarin jikin Lurwanu ya shanye, 'ya'yansa kuwa suna ci-rani a Abijan. Mahfuzu ya fara kai masa fura, yana juya shi, yana wanke masa tsumma. Kada wani ya kira shi waliyyi: abu guda yake jira, Lurwanu ya buɗe baki ya ce a yafe masa.

Da ciwo ya tsananta, dangi suka taru don yafe wa juna, kamar yadda aka saba. Lurwanu ya kamo hannunsa.

"Mahfuzu, kunyad da ka jawo muna cikin garin ga, na yahe maka," in ji shi.

Mata suka fashe da kuka suna yaba zuciyar mai jinya. Sunan Zali bai fito daga bakin kowa ba.

Mahfuzu ya ji ƙirjinsa na tafasa kamar ranar farko. Ya gane ba wanda zai taɓa ba wannan mai fushin da ke cikinsa haƙuri, in ba shi da kansa ba. Ya jawo ƙwaryar fura.

"Na ji, Yaya," ya ce. "Ɗaga kanka, hurar na tsami."