Wandon Wasan Hoki

A shekarun da nake masinja a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, bayan yaƙin basasa, babban akawun ofishinmu ne ya ja ni wasan hoki. Ya taɓa zuwa kwas ƙasar waje, kuma yakan ce a can a kan ƙanƙara ake yinsa, da takalma masu ƙarfe a ƙasa. Mu namu a kan ciyawa ne, a wani fili da ke kusa da Unguwar Rimi, bayan la'asar. Ya ce yana neman mutum mai gudu, ya kuwa ga yadda nake tsere da fayil tsakanin ofisoshi.

Ranar farko ya ba ni sanda mai lanƙwasa a baki, ya nuna mini cewa da ɓarin da ke shafe kaɗai ake taɓa ƙwallo, kuma ba a ɗaga sanda ta wuce kafaɗa. Ƙwallon ƙarama ce amma da tauri, in ta sami ƙwauri sai an yi mako ana ɗingishi. Da dogon wandon kakina nake yi, in cusa ƙafafunsa cikin safa.

Sai ga shi na iya. Ni mutum ne da kullum nake hango ɓarna tun ba ta zo ba, halin da ya hana ni sakewa a gida da ofis. A fili kuwa sai ya yi mini rana. Aka sa ni a baya, kafin ɗan gaba ya yanke shawarar inda zai bi na riga na tsaya a wurin. Akawun yakan yi dariya ya ce tsorona ya fi ƙarfin halin mutum uku amfani. Ban taɓa jin an yabi wannan hali nawa ba sai a nan.

Da aka zo shiga gasar ma'aikatu, sunana na cikin sha ɗaya. Aka raba kaya: riga, safa, da farin gajeren wando. Na gwada shi a ɗakina a Rafin Guza, ya tsaya taƙi guda saman gwiwa. Ni kuwa tun ina ƙarami aka koya mini daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce.

Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce abu mai sauƙi, in sa a ƙara masa tsawo. Tela ya yi ƙari da wani farin yadi, wandon ya sauka ƙasan gwiwa. Maimakon in huta sai wani tunanin ya taso. Wandon nan kayan gwamnati ne, na sa masa allura ba da izinin kowa ba. Kuma farin telan bai zo ɗaya da na asali ba. In alƙalin wasa ya ce kayana sun saɓa, ya kore ni a gaban jama'a fa? In aka cire ma'aikatarmu saboda ni fa? Sau uku ina tsayawa a ƙofar akawun da niyyar tambaya, in ajiye fayil in fita.

Ranar Asabar, ranar wasanmu na farko, na hau keke da kayan a jaka. Na isa da wuri, na tsaya bayan wata bishiyar mangwaro nesa da filin. Ina hango akawun yana ƙirga mutane, yana duban hanya. Na ce bari in ƙara minti biyar, sai na ji usur. Na juya keke.

Ran Litinin ya kira ni, na tsuguna na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallona.

"Malam, saboda wando?" ya ce. "Ai akwai wanda ya buga da dogon wando a cikin waɗanda muka kara da su, ba wanda ya ko dube shi. Me ya hana ka tambaye ni?"

"Ranka ya daɗe, na ji nauyi ne."

Ya ce su goma suka buga, aka ci su ƙwallo biyu, kuma duka biyun ta gefena. Bai yi faɗa ba. Ya ce ya riga ya ba wani direba gurbina don sai an kai sunaye da safen nan, amma in ci gaba da zuwa atisaye, baɗi ma akwai gasa.

Ban koma ba. Kowace la'asar sai in ce gobe, in na tuna fuskokin mutum goman nan sai in bi wata hanyar zuwa gida. Kafin baɗin aka yi wa akawun canjin wurin aiki zuwa Zariya, ƙungiyar ta watse.

Wandon kuwa na zauna da reza na warware ƙarin zare ɗaya ɗaya, na wanke, na goge, na kai wa mai kula da sito ina shirya bayanin ramukan allura. Bai ko warware ninkin ba, ya jefa shi cikin kabad ya ce in tafi da wata takarda ofishin sama.