Katuna Huɗu a Bakin Laffaya

Yau a unguwar Mairi 'yan gudun hijira suke zaɓen kansilan wani ƙauye da ko akuya ba ta sake kwana cikinsa ba tun da aka ƙone shi. Kansila zai sha hutu.

Ga wata tsohuwa a gaban layi, takalmanta kowanne da launinsa. Tana kwance bakin laffayarta, tana jera katuna huɗu kan tebur. Ɗaya nata, uku na samari masu irin goshinta. Ina jin 'ya'yanta ne.

"Iya, kowa da kansa yake zuwa," in ji malamin zaɓe, yana karanta sunayen da ke kan katunan. "Ina su Kyari?"

"Duba takardarka dai, ɗana. Suna ciki?"

Ya bi sunaye da biro. "Suna ciki."

"To, kar ka goge su. Nan kaɗai suka rage."