Ruwan da Haruna Ya Roƙa

Shekara bakwai ke nan cur da aka kashe ƙanena Haruna a cikin tur'a, wato magudanar da ke kawo ruwa ƙauyenmu da ke yamma da Managil. Abokan aikinsa sun rubuta cewa ya rasu. Ni ba zan sassauta ba: kashe shi aka yi, da shebur, da rana tsaka, a cikin ruwan da ko gwiwarsa bai kai ba.

Haruna malamin shari'a ne a jami'a, bincikensa kuwa a kan dokar ruwa yake: wa ke da haƙƙin sha, wa ke da haƙƙin ban-ruwa, in faɗa ya tashi wa zai raba. Ni da na goya shi na sha yi masa tsiya, ina cewa ya tafi birni ya ƙare ƙuruciyarsa yana karanta abin da kowace tsohuwa a garinmu ta sani. Mu 'yan wutsiya ne. Sai ruwa ya ratsa ƙauyen da ke kan tur'a, waɗanda muke kira 'yan kai, kafin ya iso mana. Hausawa ne irinmu, tare kakanninmu suka taho daga yamma, akwai auratayya a tsakani. In ruwa ya wadata 'yan'uwa ne mu, in ya ja baya kowa ya tuna inda ya ajiye gatarinsa.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne, a takarda ruwa na gona ne, ba na mutum ba, alhali mu da dabbobinmu daga tur'ar muke sha. Ya ce malaman fiƙihu sun ware wani haƙƙi da ya riga na gona, sun kira shi haƙƙin shafa. A Larabcin littafi shafa leɓe ne, ma'ana duk leɓen da ƙishi ya kama ba a hana shi ruwa. Ranar da ya fara faɗin haka a zauren gari, kunnen dattawanmu ya ji kalmar da Hausa. Wani tsoho ya ce, "Ya duktur, dawarmu tana mutuwa, kai ko kana cewa a shafa muna ruwa? Mai ne?" Aka bushe da dariya, har da shi. Daga ranar ya zama Dokta Shafa.

A shekarar da abin ya faru damina ta ɗauke da wuri, dawa tana da ciki. 'Yan kai suka datse tur'a da laka da buhuna. Ɓangarenmu ya ƙafe, mata suna tace taɓo da gyale, awaki suna faɗuwa. Mazanmu suka ɗauki gatura da fartanyu suka nufi datsin, mu mata muka bi su, kuma kada in yi ƙarya, guɗa muke yi musu. Haruna ya iso da motar safe. Ya riga kowa zuwa wurin, ya tattare farar jalabiyarsa ya shiga ruwan, ya tsaya tsakanin mutanenmu da nasu.

Na ji abin da ya ce da kunnena. "Ku bar zancen gonaki, wannan sai an zauna. Ku buɗe muna na sha kawai, na leɓe." Bai rufe baki ba dutse ya tashi, ban san daga wane ɓangare ba, sai wuri ya yamutse. Na ga an sare hannun wani yana lilo a jikin fata. Na ga an danne wani saurayi cikin laka har ya daina motsi. Na kuma ga Abakar, mutumin 'yan kai da ya ci tuwo a gidanmu ba sau ɗaya ba, ya ɗaga shebur ya sauke shi a tsakar kan Haruna. Ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Ya faɗi rub da ciki, masu faɗa suna taka shi. Cikin turmutsitsin datsin ya ɓalle. Da yamma ruwa ya iso garinmu ja-ja, muna da ƙishi, amma babu wanda ya iya kai shi baki.

An ɗaure Abakar. Abokan Haruna na jami'a suka haɗa hannu suka haƙa mana rijiyar burtsatse sadaka gare shi, muka daina shan tur'a. Ni kuwa ko a kasuwa na hangi ɗan kai, sai in juya masa ƙeya.

Nakan tambayi kaina abin da Haruna zai ce da ya ga yau. Yaƙin nan ya shigo yankinmu na Jazira, tur'o'i sun cike da ciyawa da gawarwaki, jami'ar da ya koyar a cikinta an watse, kurkuku ya buɗe kowa ya kama gabansa. Shi da yake jin zafin faɗan shebur, me zai ce da na bindiga? Yakan faɗa wa 'yan kai cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Su ma dariya suka yi masa, suka ce Dokta Shafa ya fara.

Bara wutar ta isa gemunsu. 'Yan bindiga a kan babura suka faɗa wa ƙauyensu, suka harbe wanda suka harbe, suka cinna wa rumbuna wuta. Waɗanda suka tsira suka biyo busasshiyar tur'a a ƙafa, har ta kawo su inda take ƙarewa, wato bakin rijiyar Haruna. Ina wurin da tuluna. A cikinsu na gane Abakar, ya rame, jini ya bushe a gefen wuyansa, yana saɓe da 'yar jikarsa.

Bashir, ɗan Haruna na fari, ya zama saurayi, irin yaran nan da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Ya taho da gatari ya tare famfon. Ya ce, "Gwaggo, zol ɗin nan shi yak kashe babana. Wallahi ba shi shan moya nan." A bakinsu zol mutum ne, moya kuwa ruwa. Samari suka kewaye, wasu da sanduna. Na san in na ce uffan, ko ma in na yi shiru, a nan za a farfasa kan Abakar, kuma ɗan ƙanena ne zai ɗauki jinin. Raina kuwa yana so. Shekara da shekaru ina roƙon Allah Ya nuna mini wannan rana.

Abakar bai roƙa ba, bai ma ɗaga ido ba. Yarinyar ce ta buɗe baki tana kallon tuluna. Leɓenta ya tsattsage, ya yi fari, ƙuda na bin jinin da ke tsagin. Na sha yin dariyar kalmar nan ta shafa tare da dattawa, amma sai ranar na gan ta da idona.

Na ce, "Bashir, ɗana, jaye. Ubanka bai ce leɓen mutumin kirki ba, leɓe ya ce." Ya dube ni kamar zai sare ni, sannan ya jefar da gatarin ya durƙusa yana kuka. Na kama hannun famfon na buga da kaina.

Littafin da Haruna yake rubutawa bai kammalu ba, ban ma san inda takardunsa suke ba. Abin da ya rage nasa rijiya ce, da sunan tsokana, da wata doka da babu kotun da ta zartar amma ba a taka ta a garinmu: ba a tambayar mai ƙishi daga ina ya fito. 'Yan kai suna nan a rumfunan kara a bayan gari. Kullum Abakar yakan zo da jarkarsa, ya tsaya a ƙarshen layi, kansa a ƙasa. Ban taɓa amsa gaisuwarsa ba, kuma ban yafe masa ba, Allah ne zai yi mana hisabi. Amma ruwan da ƙanena ya mutu yana roƙo, wanda ya kashe shi yana sha.